Ranar da Aka Gasa Muryar Ustad

"Na ce ba zan sa ba, Butt Sahib. Wannan tanderu ne, gurasa ake gasawa a ciki."

"To ni akuya na ce ka gasa mini? Minti biyar kawai, Lala. Ka manna shi a gefe yadda kake manna gurasa."

"Gurasa ƙullu ce, tana kamawa. Wannan kuwa ƙarfe ne da leda."

"Leda!" Karamat Butt ya juya wajen masu layin sayen gurasa, ya ɗaga faifan sama da hannu biyu. "Jama'a kun ji? Muryar Ustad Dilawar yake kira leda. Mutumin da in ya ja baiti ɗaya tattabarun Lahore ke fasa tashi!"

Lala Gul Zaman mai tanderu ya share gumi da gefen rawaninsa, ya ce shi dai tattabaru ba sa sayen gurasa a wurinsa.

Karamat mai gyaran fanka ne da dutsen guga, yana da ɗan shago a bakin layinmu, cikin tsohon birni. Amma in ka kira shi da wannan sana'a sai ya ɓata rai. Shi a wurinsa shugaban Ƙungiyar Masoya Ustad Dilawar ne, kuma kujerar ba a banza ya same ta ba. Shekara goma ke nan da rasuwar mawaƙin, shekara goma kuma Karamat yana zaune a teburin mai shayi yana ba da labari ɗaya: shi ne kunnen Ustad. "Ba ya sakin waƙa sai ya waiwayo ya dube ni," in ji shi. "In na ce wah, wato madalla, a buga. In na yi shiru, a sake daga farko." Makaɗan Ustad duk sun riga mu gidan gaskiya, babu mai ƙaryatawa. Shi kansa Karamat ya daɗe da daina tuna inda gaskiyar ta tsaya.

Sai ga shi a farkon makon nan matar marigayin, Apa Khurshid, tana zazzage wani tsohon akwatin ƙarfe ta ci karo da faifai uku a ƙarƙashin barguna, irin manyan nan na gidan rediyon da, masu zare a naɗe kamar taya. Ba wanda ya taɓa jin abin da ke ciki. Ta aiko da su daga can ƙetaren kogi inda take zaune, ta ce a ba shugaban masoya, a sa wa jama'a ran Lahadi wurin addu'ar cika shekara goma. Kafin la'asar labari ya kai Faisalabad. Wani tsoho ya kira waya daga Multan yana kuka, ya ce a ajiye masa kujera kusa da lasifika, kunnensa ɗaya ne ke aiki.

Karamat ya ɗauki faifan ya kai wa Yunas Masih, wani dattijo marar magana da ya yi shekara talatin yana ɗaukar murya a gidan rediyo, wanda har yau yake da na'urar juya irin waɗannan faifai a ɗakinsa. Yunas ya shinshina zaren, ya murza da yatsa, ya ce ya sha damshi ya yi danƙo, in aka juya shi haka zai kwaɓe. "Sai an gasa shi tukuna, amma fa a..."

"Na sani!" Karamat ya katse shi. "Ni za ka koya wa? Tare da Ustad muke gasawa."

Abin da ya kai shi bakin tanderun Lala ke nan da hantsin Laraba.

Da ya ga Lala ba shi da niyya, sai ya fizge doguwar ƙugiyar da ake ciro gurasa da ita, ya rataya faifan, ya yi bisimilla da ƙarfi don a shaida, ya zura shi ciki. Wata mata mai kwando ta ja baya. Wani ya tambaya ko za a ji waƙar tana fitowa ta bakin tanderu.

"Sai ta nuna," in ji Karamat.

Da fari wani ƙamshi ya taso kamar na sabon takalmi. Daga nan ƙamshin ya koma na tayar da aka cinna wa wuta. Sai baƙin hayaƙi ya tuɗaɗo, Lala ya yi tsalle daga kan dakalinsa yana salati cikin harshen mutanensu na kan dutse. Karamat ya ja ƙugiya. Abin da ya fito ƙarfe ne tsirara, da wani dunƙulen baƙin ƙanzo yana ɗiga a gefe. Sauran ya riga ya zauna a kan gurasa ashirin da huɗu da ke manne a bango.

"Gurasata!" in ji Lala.

"Muryar Ustad," in ji matar mai kwando, ta dafe ƙirji.

Karamat ya dubi ƙanzon, ya dubi jama'a. Idonsa ya sauka kan Masta Inayat, tsohon malamin makaranta, magatakardan ƙungiya, wanda ya shekara bakwai yana kallon kujerar shugaba yadda kyanwa ke kallon kwanon madara. Masta na tsaye da kuɗin gurasarsa a hannu, yana murmushi.

"Fanko ne," Karamat ya ce. "Babu komai a kansa. Na gwaji ne. Kowane gwani yana fara gwadawa da fanko."

"Ta yaya ka san fanko ne, Butt Sahib, alhali ba a juya ba?"

Karamat ya ja kalmar girmamawa ta ji har ta zama gatse. "Ta nauyi, Masta ji. Faifan da ke ɗauke da muryar Ustad ya fi nauyi. Ku 'yan littafi ba za ku gane ba."

Lala ya ɗaga ƙugiya, shi kuma shugaba ya tuna yana da uzuri a gida.

Matarsa Shamshad tana tsinke ganyen alayyafo a tsakar gida. Ba ta ɗago ba, hancinta kawai ta motsa.

"Abban Nargis, wace mota ce ta ƙone?"

"Kimiyya ce, Begum. Ba fanninki ba ne."

"Uku aka kawo. Yanzu nawa ne?"

"Akwai isassu."

"Na ce nawa?"

"Biyu. Kuma biyu sun fi uku albarka, don hankali ba ya rabuwa."

"Allah ya sa kada Lahadi ta zo ta tarar da babu ta fi biyu albarka."

A lokacin wani tunani ya faɗo masa, irin tunanin da ke zuwar wa manyan mutane. Laifin tanderu ne: wutarsa ta ɗan Adam ce, ba ta da tausayi. Amma ga rana can Allah ya rataya kyauta, ga watan zafi, ƙasa har tiriri take. Matan layi ba a kan rufin soro suke shanya taliyar sallah ba? Zare dai zare ne.

Washegari da azahar ya hau soro da faifai na biyu. Ya zura fensir a tsakiya, ya kama bakin zaren ya ja. Ashe abin ba ya ƙarewa. Ya cika igiyar shanya, ya koma kan gadon igiya, ya zagaya tankin ruwa, ya rataya a eriya, har ya ɗan ara gefen kejin tattabarun maƙwabcinsa ba tare da ya tambaya ba. Kafin ya gama, rufin ya koma kamar gidan biki, zare mai ruwan ƙasa yana ƙyalli ta ko'ina. Ya tsaya a tsakiya, hannu a ƙugu, ya ji da ma Yunas na nan ya ga yadda ake aiki.

Shamshad ta leƙo daga bakin matakala da kwandon wanki.

"Ina zan shanya kayan?"

"Tarihi ake shanyawa yau, Begum."

"Ka dubi gabas kuwa?"

Bai duba ba. Ita ta duba, ta sauka da kwandonta, ta shiga ɗaki, ta ɗauki faifai na uku daga kan durowa, ta yafa mayafi ta fita. Karamat bai gani ba, yana can yana juya zare don ɗaya gefen ma ya sha rana.

Hadarin farko na damina ba ya sallama. Iska ta zo gaba ɗaya, ta kifar da bokiti, ta ɗauki rigar wani daga rufi na huɗu. Zaren ya ɗaga kamar mai shirin tashi, ya yi jim, sannan ya tashi ɗin. Karamat ya cafko gefe ɗaya, iska ta tafi da sauran. Tattabaru suka watse da shi a ƙafafu. Ya naɗe a wayoyin lantarki, ya ratsa tagar tela, ya sauko kan rumfar mai 'ya'yan itace, wani dogon sili ya haye har kan lasifikar masallaci yana kaɗawa.

Mutane suka fito suna kallon sama. Da an bar su, da sun ɗauka shara ce sun koma ciki. Amma Karamat ya leƙo ta kan katanga, gashi a tsaye, ya kwarma ihu:

"Kada wanda ya taɓa! Hannun Ustad ya taɓa shi!"

Shi ke nan. Tela ne ya fara fitowa da almakashi. Direbobin riksha, kekunan haya masu ƙafa uku, suka tsayar da injin a tsakiyar hanya suna tsalle, kowa na son kamu ɗaya ya ɗaura a madubi. Wata tsohuwa ta samu taƙi guda ta ɗaure gwiwarta mai ciwo, ta ce tun yanzu ta fara jin sauƙi. Mai shayi ya naɗa nasa a hannun buta. Wani ɗan kasuwa ya kara guntun a kunne, ya rufe ido, ya rantse yana jin wani abu can ƙasa-ƙasa. Biyu suka kama sili ɗaya suna ja har ya miƙe ya zama siririn gashi, kowanne na cewa shi ya fi son Ustad. Ruwa ya sauko a kansu, ba wanda ya kula.

Karamat ya sauko a jiƙe, da taƙi biyu na tarihi a hannu. Masta Inayat na tsaye a ƙofar gida ƙarƙashin lema, shi ma da guntu a aljihun gaba, a ninke tsaf kamar rasit.

"Wannan ma fanko ne, Butt Sahib?"

"Fanko ne."

"Ikon Allah. Ustad ya shekara arba'in yana waƙa, abin da ya ɓoye wa duniya fanko."

"Na ukun ne mai kaya. Waɗannan biyun masu gadi ne, don su tare masa damshi. Haka muke ajiyewa."

Ya shige ciki yana murna da wannan amsa, ya nufi durowa. Babu komai a kai sai agogo.

Ya ɗaga katifa. Ya leƙa ƙarƙashin gado. Ya zazzage buhun gari, ya buɗe tukunyar wake, ya duba har cikin firji. Shamshad na zaune tana tankaɗe, tana kallonsa kamar mai kallon wasan kwaikwayo. Ta bar shi ya kwana a haka, ta bar shi ya tafi masallacin Juma'a da idanu jajaye. Sai da ya dawo ya zauna a ƙasa ya dafe kai, ya fara cewa wataƙila aljanu ma masoyan Ustad ne, sannan ta ce:

"Yana gidan Yunas. Yana kwance da ƙwai."

"Da me?"

"Ƙwai. Yana da akwatin ƙyanƙyasar kaji. Ya ce ɗumin da ake so ke nan, kamar na cikin kaza ko ya ɗan fi, yini guda da kwana. Ya ce ya so gaya maka, ka ce ka sani."

"Kin ɗauki amanar ƙungiya kin kai wa kaji?"

"Kaji ba su ƙona ko ɗaya ba tukuna."

Ya fita a fusace, amma kafin ya kai teburin mai shayi fushin ya narke, ya zama wani abu mai amfani. Ya ja kujera ya zauna, ya bari aka taru, sannan ya sanar cewa ya ba Yunas umarni ya sa faifan cikin akwatin ƙyanƙyasa. "Tsohuwar dabara ce. Ni da Ustad muka gano ta. Na ga yaron yana da hannu, na ce bari in ba shi dama." Yaron da ake magana a kansa ya girme shi da shekara tara.

Aka yi ta jinjina kai. Daɗin jinjinar ya ɗebe shi, ya ƙara da cewa ba ya son yabon kai, amma kada su yi mamaki in sun ji sunansa a ciki.

Masta ya ajiye kofinsa. "In ba mu ji ba fa?"

"In ba ku ji ba, ga kujera, ka hau."

"A gaban shaidu?"

"A gaban shaidu. In kuma kun ji, kai za ka riƙa miƙo mini shayi da hannunka har shekara ta zagayo."

Suka tafa. A hanyar gida wani abu ya ɗan sosa masa can cikin ƙwaƙwalwa: wani ɗaki mai bango kamar katifa, da jar fitila a bisa ƙofa, da tsani. Ya kore shi kamar ƙuda. Ya taɓa shiga ɗakin ɗaukar murya, wannan tabbas ne. Wanda ya shiga sau ɗaya kuwa, ai da shi da wanda ya shiga sau dubu duk ƙofa ɗaya suka bi.

Ran Asabar Yunas ya zo da kansa har shago, yana murza hularsa a hannu.

"Butt Sahib, faifan ya tashi, na saurara. Akwai abin da ya kamata ka ji kafin gobe, domin..."

"Na sani! Ni da nake wurin?"

Yunas ya dube shi. "Haka ne," ya ce. "Kana wurin." Ya sa hularsa ya tafi.

Lahadi bayan la'asar layinmu ya toshe. An kafa rumfa daga shagon tela har bakin masallaci, an jera kujerun haya, ga manyan tukwanen shinkafa huɗu suna turiri a gefe. Hoton Ustad na bisa tebur da sarƙar furanni. Motoci biyu suka zo daga Faisalabad. Tsohon Multan ya samu kujerarsa, ya manna kunnensa mai aiki a jikin lasifika. Kusan kowa da guntun zare, wani a wuyan hannu, wani a maɓallin riga. Lala Gul Zaman ma ya zo da gurasar sadaka, ya tsaya a baya yana harare-harare. Apa Khurshid na zaune a gaba cikin farin mayafi, 'yar ƙaramar tsohuwa mai carbi, mata sun kewaye ta, Shamshad a cikinsu.

Bayan addu'a Karamat ya karɓi makirufo. Ya sha sabuwar riga mai sitaci, gashin baki ya sha mai. Ya yi minti ashirin yana bayanin wahalar da ya sha wajen ceto wannan amana, ya ce wasu dare uku bai runtsa ba, wanda kuma gaskiya ne. Da ya ga tsohon Multan ya fara gyangyaɗi sai ya ɗaga hannu kamar mai ba da izinin tashin jirgi.

"Yunas, bisimilla."

Faifai ya fara juyawa. Shuuu. Sai aka ji tari, ƙaramin tari na mai gyaran murya.

"Tarinsa ne!" wani ya yi ihu daga baya. "Wallahi tarinsa ne!"

Rumfa ta rikice da kuka. Maza masu jikoki suna share hawaye da gefen riga. Aka ji Ustad yana cewa a rage masa sukari a shayi, sai wata mata ta ce Allah sarki, har a lokacin yana kula da lafiyarsa. Aka ji mai tabla yana ƙwanƙwasa gefen gangarsa da guduma yana daidaita ta, aka yi masa wah shi ma. Sannan komai ya lafa.

Muryar ta taso daga can ƙasa, a hankali, kamar ruwa na cika tulu. Waƙa ce da ba wanda ya taɓa ji. Apa Khurshid ta daina jan carbi. Ustad ya ja, ya ja, ya hau, yana dab da sauka inda kowa ke jira da numfashi a riƙe...

"WAH! WAH, USTAD JI! KA KASHE MU!"

Daga cikin lasifika ta fito, wata murya kamar an taka jaki a wutsiya. Kiɗa ya tsaya cak.

"Wane ne wannan?" in ji Ustad.

Wata muryar saurayi, wadda duk wanda ya san Yunas zai gane, ta amsa: "Mai gyaran fanka ne, Ustad ji. Ta ɗakin ce ta lalace."

"Ɗana, me sunanka?"

"Karamat, ji! Karamat Butt!"

Karamat ya daka tsalle har hularsa ta faɗi. "Kun ji! Kun ji da kunnenku! Masta ji, sukari cokali biyu nake sha!"

Aka yi tafi. Masta ya sunkuyar da kai. Amma faifan bai san an gama ba, ya ci gaba da juyawa.

"Karamat, ɗana, nan ba dandali ba ne, ɗauka ake. Ka ga jar fitilar can? In ta kama, ko numfashi a hankali za ka yi. Ka ji?"

"Na sani, ji!"

Aka sake daga farko. Muryar ta taso, ta fi ta ɗazu ma kyau. Ba ta kai rabi ba.

"WAH!"

"Ban ma iso wurin ba, bawan Allah! In za ka yaba, ka bari in yi abin yabon!"

Wani a cikin rumfa ya yi dariya ya mayar da ita tari. Karamat ya ce, da ƙarfi don na kusa su ji, haka suke wasa da Ustad, ba a shiga tsakaninsu.

Ɗauka ta uku, sukudireba ta faɗo daga sama ta sauka kan tabla. Ta huɗu, atishawa. Ta biyar ta yi nisa har mutanen rumfa suka fara lumshe ido, sai aka ji ƙarar tsani yana zamewa, da faɗuwar wani abu mai nauyi, da muryar jakin nan daga ƙasa tana cewa lafiya lau, ji, a ci gaba, kada a damu da shi.

Ustad ya fara zagi. Abin mamaki, zagin ma a kan kari yake, yana hawa yana sauka. Ya ce shi ya yi waƙa a gaban gwamnoni, ya yi a gaban mahaukata, bai taɓa haɗuwa da annoba mai ɗauke da tsani ba sai yau. Ya ce da kunnen wannan da murfin tukunya duk ɗaya. Mutanen Faisalabad, da suka biya kuɗin mota don su yaba, suka ga ba za su koma da yabonsu ba, suka fara yi wa zagin wah. Tsohon Multan ya ɗago kai daga lasifika, hawaye har gemu, ya ce a duk faifan Ustad bai taɓa jin inda ya buɗe murya haka ba.

Karamat ya matsa wajen na'ura. "Yunas, ina ganin jama'a sun gaji, shinkafa na hucewa."

"Bari ya ƙare," in ji Masta, wanda kansa ya ɗago tuni. "Tarihi ne."

Ɗauka ta shida. Shiru, kamar an yi sa'a. Muryar ta taso, ta hau, ta wuce inda ta tsaya ɗazu, ta kama hanyar sauka. Sai wuuu, iska ta cika lasifika, takardu na tashi, wani yana ihu a kama baitocin.

"Ta gyaru, ji!" in ji muryar, cike da alfahari. "Kun ji sanyi?"

Aka ji takarda ta ƙarshe ta faɗi ƙasa.

"Kai," in ji Ustad, a hankali ƙwarai. "Kai... me ma sunanka?"

"Karamat, ji."

"Ko ma mene ne. Yau na fara ganinka, ina roƙon Allah ya sa yau ce ta ƙarshe. Ku fitar mini da shi. Ku sa sakata." Aka ji jan ƙafa, da tsani yana bugun ƙofa, da wata wah guda ɗaya daga nesa, sannan sakata ta faɗa. Ustad ya sauke numfashi. "Yunas, wannan ya ɓaci. Sa sabon faifai, ka ajiye wani kusa, doguwa ce. Yanzu za mu yi ta yadda ya kamata."

Bakin zaren ya kuɓuce, yana ta faf-faf-faf a jikin na'ura har Yunas ya kashe.

Ba wanda ya dubi Karamat kai tsaye, abin da ya fi kallon ciwo ke nan. Masta Inayat ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya taka a hankali ya je ya zauna a kujerar shugaba mai hannu, ya gwada jinginar, ya ga ta yi masa daidai. Can cikin mata, kafaɗun Shamshad na rawa a ƙarƙashin mayafi, ba a san ko kuka take ba.

Apa Khurshid ce ta yi magana. Tana murmushi, idonta cike da ruwa.

"Na tuna ranar nan. Ya dawo gida yana faɗa, amma ya ce mini, Khurshid, bayan an kori wani mahaukaci na yi waƙar da ban taɓa yin irinta ba, ba kuma zan ƙara ba. Ya ce ba zai sake ta ba sai bayan ransa." Ta juya wajen Yunas. "Tana kan sauran biyun. A sa mana, ɗana. Shekara talatin ina jira."

Yunas ya dubi ƙasa. Tela ya zare hannunsa a hankali ya kai baya. Tsohuwar nan ta ja zaninta ta rufe gwiwa. Direbobin riksha suka dubi juna, mai shayi ya tura butarsa ƙarƙashin tebur da ƙafa. Daga can baya aka ji Lala Gul Zaman ya ajiye kwandon gurasa, ya fara naɗe hannun riga.

"Butt Sahib," in ji Masta daga kan kujera, murya kamar zuma. "Apa ji na tambaya. Ina masu gadin?"

Karamat ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya busa mata ƙura, ya ɗora a ka. Ya dubi rumfar tun daga shagon tela har bakin masallaci. Sannan ya gyara murya, ya dafa ƙirji.

"Apa ji, kada ki damu ko kaɗan. Ranar da suka sa sakata ban tafi ba, ina bayan taga, na haddace ta tsaf. A miƙo mini makirufo."